Kan Sarki A Cikin Firam: Adon Bango Da Darajar Kasuwa

KAFANCHAN — A garin da ya tashi a kan hanyar jirgin ƙasa irin Kafanchan, ba abin mamaki ba ne a tarar da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon tsohon direban jirgi, ko malamin makaranta, ko tsohon soja, cike da takardun da suka shekara hamsin ko fiye. A ciki akan sami takardar ɗaukar aiki, da rasiɗin haraji, da hotunan biki, da kuma wasiƙu a cikin ambulan ɗinsu, kowanne da kan sarki a kusurwarsa. Ranar da mai akwatin ya kwanta dama, magada kan ware takardun fili da na fansho, sauran kuwa sai abin da hali ya yi. Wasu a ƙone su, wasu su ƙare a faifan mai ƙosai. Wanda ya fi tausayin kayan a cikin 'ya'ya shi ne zai sa almakashi ya yanke kan sarkin, ya shafa musu gam ya jera a kan kwali, ya kai wa mai firam, a rataya a falo.

Wannan na ƙarshe da kyakkyawar niyya ya yi aikinsa, kuma bangonsa ya yi kyau. Sai dai idan aka auna da ma'aunin kasuwa, sau da yawa asararsa ba ta da nisa da ta wanda ya ƙyasta wa takardun ashana. Tsohon kan sarki yana da daraja iri biyu, wato ta ado wadda ido ke ci, da ta kasuwa wadda masu tara shi ke biya, kuma yawancin abubuwan da ake yi don fito da ta farko su ne ke kashe ta biyu. Ana iya haɗa su duka, amma sai mai kaya ya san abin da ke hannunsa kafin ya doshi shagon mai firam.

Sunan kansa ya nuna asalinsa. Ingila ce ta fara fitar da kan sarki a watan Mayu na 1840, ɗauke da hoton Sarauniya Biktoriya. Legas ta sami nata a 1874, Nijeriya ta Arewa a 1900, kuma bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka fitar da wanda ke ɗauke da sunan Nijeriya kaɗai, da kan Sarki Joji na Biyar. Tun da abin da Bahaushe ya fara gani a ɗan guntun takardar ke nan, sai sunan ya zauna, har bayan da kawunan sarakunan Ingila suka ba da wuri ga hoton gyaɗa da raƙuma da gadoji.

Abin da ke sa wa kan sarki farashi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar tsufa a matsayin daraja. Kan sarkin kwabo ɗaya na zamanin Sarki Joji na Shida ya haura shekara saba'in, amma an buga shi da yawan gaske domin shi ne na yau da kullum, kuma har yanzu dillalai a Turai na da shi jibge. Irinsa akan sayar da shi a ma'auni kamar hatsi. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙaranci, da lafiyar takardar, da kuma samuwar masu nema da kuɗi a hannu. Misalin da ya fi shahara a wannan ɓangare na ƙasar shi ne kan sarkin fam 25 da gwamnatin Nijeriya ta Arewa ta fitar a 1904, da hoton Sarki Edward na Bakwai. Babu wasiƙar da ke cin wannan kuɗi a lokacin, saboda haka kaɗan aka buga, kuma a yau farashinsa a littattafan dillalai fam dubbai ne masu yawa. Da wuya ƙwarai a tarar da irinsa a akwatin gado.

Shi kansa farashin da ke cikin waɗannan littattafai yana bukatar a karanta shi da lura. Farashin sayarwa ne na dillali, a kan kan sarkin da ba shi da aibi ko ɗaya. Idan dillalin ne zai saya, wani ɗan kaso kawai yake biya. Haƙori ɗaya da ya cire a gefen takardar, ko tabo, ko lanƙwasa, ko launi da ya koɗe, na iya zubar da mafi yawan kuɗin. Wanda ba a taɓa amfani da shi ba kuwa, danƙon bayansa ma abin dubawa ne, domin masu saye sun fi biyan wanda ba a taɓa liƙa shi a jikin komai ba.

Masu tunanin adana dukiya a kan sarki su ma akwai abin da ya kamata su sani. Wanda ya sayi sabon kan sarki na Naira biyu a 1973 ya ajiye, ya saya ne a lokacin da Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja. A 2024 Dala ɗaya ta haura Naira 1,500, kuma yawancin kan sarkin shekarun 1970 da 1980 ba su yi tashin da zai cike wannan giɓi ba, saboda an buga su da yawa. A kasuwar duniya ma labarin bai bambanta sosai ba. Farashi ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen shekarun 1970 lokacin da mutane ke gudun hauhawar farashin kaya, sa'an nan ya faɗi a farkon shekarun 1980. A watan Mayu na 2006 hukumomin ƙasar Sifen suka rufe kamfanonin Afinsa da Forum Filatélico, waɗanda suka yi wa masu ajiya fiye da 300,000 alkawarin riba tabbatacciya a kan kan sarkin da aka yi wa farashin da ya wuce kima. Hatta kan sarkin da ya fi kowanne suna a duniya, na Giyana ta Ingila na 1856, an saye shi Dala miliyan 9.4 da ɗoriya a 2014, aka sayar da shi Dala miliyan 8.3 a 2021. Kamfanin Stanley Gibbons na Landan da ya saye shi a karo na biyun, bashi ya ci ƙarfinsa a watan Disamba na 2023 har sai da aka sayar da harkokinsa ga wasu.

Wannan bayani yana da daɗi ga mai son ado. Tun da mafi yawan abin da ke cikin akwatunan ba mai tsada ba ne, babu laifi a rataya shi a bango kowa ya gani. Aikin da ke gaban mai kaya shi ne ya gane ɗan kaɗan ɗin da bai kamata ya hau bango ba, kuma a kudancin Jihar Kaduna wannan ɗan kaɗan ɗin yawanci ambulan ne cikakke, da hatiminsa.

Hatimin Kafanchan

A 1927 ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ta haɗu da Kaduna ta Kafanchan, kuma daga nan aka ja reshe zuwa Jos domin kwasar kuza. Daga baya, tsakanin 1958 da 1964, aka miƙa hanyar daga Kuru ta Bauchi da Gombe har Maiduguri. Ta haka Kafanchan ta zama mahaɗa, inda jirage daga gabas da arewa da tsaunin Jos ke haɗuwa, kuma jakunkunan wasiƙu na bin jiragen. Wasu jiragen ma suna da taragon gidan waya inda ake tantance wasiƙu a kan tafiya, da hatiminsu na daban wanda masu tara kaya ke nema.

Kowace wasiƙa da ta bi wannan hanya takan ɗauki shaida a jikinta: hatimin garin da ta taso da kwanan wata a kan kan sarkin, sau da yawa kuma hatimin inda ta ratsa da inda ta sauka a bayan ambulan. Hatimin Legas ko Kano ko Ibadan ba abin nema ba ne, don ya yi yawa. Na ƙananan wurare irin su Zonkwa, Kagoro, Kwoi, Kachia ko Manchok kuwa, inda wasiƙun da ke fita a mako ba su taka kara sun karya ba, shi ne ke da ƙaranci. Akwai masu tara kaya da suka keɓe kansu ga wannan fanni, kamar 'yan ƙungiyar West Africa Study Circle ta Ingila, wadda ke buga mujallar Cameo. A wurin irin waɗannan mutane, kan sarkin kwabo da ba ya da wata daraja shi kaɗai na iya zama abin ciniki idan yana kan ambulan ɗinsa da hatimin ƙaramin gari a fili. Almakashi ɗaya ya isa ya mai da shi kan sarkin kwabo kamar sauran.

Akwai kuma wani lissafi da ya shafi inda kayan suka ƙare. Wasiƙun da 'yan mishan na SIM a Kwoi da Kagoro, da Turawan haƙar kuza, da jami'an mulki suka aika gida, sun sauka a Ingila da Kanada da Amurka, inda sanyi da bushewar ɗaki suka adana su, kuma daga nan suke shiga kasuwa. Waɗanda suka yi yawo a cikin gida, daga Kafanchan zuwa Zariya ko daga Inugu zuwa Kafanchan, sun zauna a hannun gara da laima. Saboda haka wasiƙar cikin gida mai lafiya ta fi wuyar samu. Haka nan wasiƙun sojojin da suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda sau da yawa ba su da kan sarki ko ɗaya sai hatimin soja da na mai tace wasiƙu. Mai yankan kan sarki zai ɗauke su a matsayin shara, alhali suna cikin abin da ya fi cancanta a adana.

Tun da wayar salula ta shigo a 2001, rubuta wasiƙa ya ja baya ƙwarai, harkar jirgin kuwa ta riga ta durƙushe tun shekarun 1980. Ma'ana dai abin da ya rage na waɗannan ambulan ba ƙaruwa zai yi ba.

Haske, laima da gam

Abokin gaba na farko shi ne haske. Tawadar da aka buga kan sarki da ita tana koɗewa a hankali, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Ja da shunayya da wasu nau'o'in kore su ke fara tafiya. Gidajen adana kayan tarihi kan riƙe hasken da ke sauka a kan takarda a wajen ma'auni 50 na abin da ake kira lus, alhali ofis mai fitila yana kai wa 300 zuwa 500, hasken rana kai tsaye kuwa dubbai goma-goma ne. Ɓarnar tana taruwa ne kamar bashi mai ruwa, wato haske kaɗan na shekara goma na iya yin abin da haske mai yawa zai yi a watanni. Doguwar fitilar nan ta kwalba tana fitar da wani haske da ido ba ya gani wanda ke cin launi, fitilar zamani ta LED ta fi ta sauƙi. Akwai gilashin da ke tare mafi yawan wannan haske, amma yana da tsada, kuma ba ya hana hasken da ido ke gani yin tasa ɓarnar.

Shi ya sa manyan gidajen adana kaya ba sa rataya kan sarki a bango kamar hoto. A Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya da ke Landan, inda ake nuna tarin da Thomas Tapling ya bari wa ƙasarsa a 1891, kan sarkin na cikin firam kusan 1,000 masu shigewa cikin bango a tsaye. Mai kallo zai jawo ɗaya, ya duba, ya mayar da shi cikin duhu. Gidan tarihin gidan waya na Washington ya bi wannan tsari a zauren da ya buɗe a 2013. A bukukuwan baje kolin kan sarki na duniya kuwa, inda akan jera shafi 16 a kowane firam, kwanaki kaɗan ake yi a kwashe.

Na biyu shi ne laima, kuma a nan ne Kafanchan ta bambanta da Kano ko Katsina. Garin na gindin tsaunukan Jos ta ɓangaren da iskar damina ke bugawa, ruwa kan fara tun watan Afrilu ya kai Oktoba, kuma ya fi na can arewa nesa ba kusa ba. Da zarar laimar iska ta wuce kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ta daɗe a haka, fumfuna kan tsiro a takarda, ɗige-ɗige masu launin tsatsa su bayyana, danƙon bayan kan sarki ya yi laushi ya kama duk abin da ya taɓa. Idan gilashi ya kama, to, ba a raba su lafiya. Hunturu kuma ya zo ya busar da takardar ta nannaɗe, ƙura ta shiga ta kowace kafa. Bangon da ruwan sama ke duka ta waje, da wanda ke jingine da makewayi ko madafa, da inda hayaƙin janareto ko na fitilar kananzir ke bi, duk ba wurin rataya firam ba ne. Gara da kyankyasai kuwa danƙon ne abincinsu.

Na uku hannun mutum ne. Gam na ofis, da gam na kafinta, da salatif, duk suna ratsa takarda su bar tabon da ba ya fita. Mafi muni shi ne lamineshin, wanda ya zama ruwan dare tun da shagunan kwamfuta suka yawaita. Na'urar tana narkar da leda ne a jikin takardar da zafi, kuma babu mai sayen kan sarki ko ambulan da aka yi wa haka. Jiƙa kan sarki a ruwa don a raba shi da takarda hanya ce da masu tara kaya ke bi ga na yau da kullum, amma tana da haɗari ga na farkon ƙarni na ashirin. Kamfanin De La Rue na Landan, wanda ya buga kan sarkin Nijeriya ta Arewa, da gangan yake amfani da tawada mai zuba a ruwa, wani lokaci a kan takarda mai shafin alli, domin kada wani ya wanke hatimi ya sake amfani da kan sarkin. Dabarar da ta kare kuɗin gwamnati a wancan zamani ita ce ke lalata kayan mai jiƙawa a yau.

Aikin mai firam

Ƙa'idar aikin guda ce: kada a yi wa kan sarki abin da ba za a iya warwarewa ba. Ana ɗaukarsa da hantsaki mai faɗin baki, domin gumin yatsa na barin shaida. Ana zura shi a ɗan aljihun leda mai haske da aka yi musamman don wannan aiki, aljihun ne ake liƙawa a jikin kwali. Ledar nan mai laushi da warin roba wadda ake kira PVC ba ta dace ba, domin man da ke cikinta na fita ya ɓata tawada. Ambulan kuwa ana riƙe shi ta kusurwoyi huɗu da 'yan aljihunan takarda, kamar yadda ake yi wa hotuna a tsofaffin albam, kuma mai firam na iya naɗe su da kansa.

Kwalin da za a shimfiɗa a baya shi ma abin lura ne. Kwalin katan mai ruwan ƙasa, da takardar jarida, da falankin da kafintoci ke rufe bayan firam da shi, suna da sinadari mai tsami da ke ƙona takarda a hankali har ta yi ja. Ana son kwali ko takarda mai kauri da aka yi da auduga, irin wadda masu zane da fentin ruwa ke amfani da ita. Sa'an nan a yanka taga a wani kwalin a ɗora a sama, yadda za a sami 'yar tazara tsakanin kan sarki da gilashi. A rufe bayan firam ɗin ruf saboda ƙura da ƙwari, a yi haɗin a ranar da iska ta bushe, a kuma sa 'yan ƙusoshi ko guntun roba a kusurwoyin baya domin iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango.

Ga kayan da ake zaton suna da daraja, hanya mafi arha ita ce a ɗauki hotonsu, a buga shi da girma, a rataya hoton, asalin kuwa ya zauna a albam a tsaye cikin kabad mai bushewa. Hoton da aka faɗaɗa ma ya fi nuna aikin mai zane, domin a kan sarkin 1936 akwai layukan da ido ba ya kamawa sai da madubin ƙara girma. Wanda ya nace sai asalin, zai iya sa kafinta ya yi wa firam ɗin ƙofa ta katako mai buɗewa kamar taga, ko a saya masa ɗan labule, ko a yi masa aljihun tebur mai murfin gilashi. Dabarar Landan ke nan a ƙaramin kuɗi.

Dangane da tsari kuwa, jera kan sarki sahu-sahu bisa launi yana da kyau daga nesa, amma firam ɗin da ke tsayar da baƙo shi ne mai ba da labari. Wanda ya fi dacewa da Kafanchan shi ne taswirar hanyar jirgi. A zana layin daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshensa na Jos da Maiduguri, a ɗora a kowace tasha kan sarkin da ke ɗauke da hatiminta, a sa na Kafanchan a mahaɗa. Tun da akan sami kan sarkin da wasu suka riga suka yanke da guntun ambulan a jikinsu, wannan ne wurin da za su yi amfani. Jerin da aka fitar a 1980 don cikar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya shekara 25, da na fam ɗaya na 1961 mai hoton tashar Legas, za su cike gefe.

Ofishin banki ko ajin koyar da tattalin arziki zai fi cin moriyar wani tsarin daban. Gwamnatoci kan sa abin da suke tinƙaho da shi a kan sarkin yau da kullum, saboda haka jera su bisa shekaru tamkar karanta tarihin kasafin kuɗin ƙasa ne. A jerin 1936 akwai injin haƙar kuza a kan na ahu, da gidan gurzar auduga a kan na kwabo huɗu, da shanun Fulani a kan na sule. A na 1953, wanda Maurice Fievet ya zana, gyaɗa ce a kan na ahu, kuza a kan na kwabo biyu, fatu da ƙiraga a kan na sule goma. A na 1961 gyaɗa ta koma kan na ɗari, haƙar kwal ta hau na kwabo, ginin Babban Banki ya bayyana. Zuwa 1973 sai ga matatar mai da tankunan iskar gas. Layi huɗu a firam ɗaya sun nuna yadda ƙasar ta tashi daga gona da ramin ma'adinai ta koma rijiyar mai.

Kusa da wannan akwai firam ɗin kuɗi, wanda yaran da aka haifa bayan 1973 za su fi tsayawa a gabansa. A ranar 1 ga Janairu na wannan shekara ne fam ɗaya ya zama Naira biyu, sule ya zama kwabo 10, kuma sunaye irin su ɗari, ahu, taro da sisi suka fara fita daga bakin mutane. A jera kan sarkin kowane farashi da sunansa na Hausa a ƙasa, da tsabar kuɗin da ke sayensa a gefe, har da kwabo mai huji. Wannan yana bukatar firam mai zurfi kamar akwati, kuma kada ƙarfen ya taɓa takarda, domin jan ƙarfe na fitar da tsatsa kore. Tsohon rasiɗin cinikin citta ko gyaɗa wanda aka liƙa wa kan sarki aka sa hannu a kai zai zauna daidai a nan. Masu tara kaya ba sa biyan irin wannan kamar yadda suke biyan mai hatimin gidan waya, saboda haka asarar rataya shi kaɗan ce.

Yankin yana da nasa rabon a kan sarkin ƙasa. A jerin kayan tarihi na 1978 akwai mutum-mutumin yumɓu na salon Nok, al'adar da ta ɗauki sunanta daga ƙauyen Nok na ƙasar Ham, inda masu haƙar kuza suka tono na farko a 1928. Shahararren kan yumɓun nan da ake kira Kan Jama'a an same shi ne a wani wurin haƙar kuza na ƙasar Jama'a, kuma sai da ya yi aikin gadin gonar doya kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos a farkon shekarun 1940. Wannan kan sarki, da hoton Kan Jama'a a gefensa, da na taro na 1959 mai hoton zauren Lugard na Kaduna wanda aka fitar lokacin da Jihar Arewa ta sami mulkin kai, sun isa firam ɗaya. Mai son ƙarin ado na iya kewaye shi da saƙin gida, muddin zanen bai taɓa takardar ba, musamman idan rinin shuni ne mai zuba.

Ambulan mai hatimi gaba da baya yana son gilashi biyu, a sa shi cikin rigar leda mai kyau tukuna, a tsayar da firam ɗin a kan tebur yadda za a iya juya shi. Sai dai ambulan na ɗauke da sunan mutum da adireshinsa, wasiƙar ciki kuma na iya ƙunsar sirrin gida. Ya kamata a nemi yardar dangi kafin a kai irinsa inda jama'a ke taruwa.

Ga masu sana'ar firam a Kafanchan, waɗanda cinikinsu ya dogara ga hotunan aure da takardun shaidar kammala karatu, wannan ƙaramar kasuwa ce, kuma ba za ta zama babba ba. Amma kayan aikinta na da arha. Kan sarkin yau da kullum na shekarun 1950 zuwa 1980 ana samunsa da sauƙi, sababbi kuma hukumar NIPOST, wadda aka cire daga tsohuwar ma'aikatar P&T a 1985, tana da sashen da ke sayar wa masu tarawa a kan farashin da ke rubuce a jikinsu. Masu saye da za a iya nema sun haɗa da otal-otal, da makarantu, da ƙungiyoyin da ke neman kyautar sallamar wanda ya yi ritaya, da manyan makarantu irin su reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, wadda sunan garinta ma ya dace da zancen. Matsalar ita ce aljihunan leda da kwalin auduga da gilashi mai tare haske yawanci daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin canjin kuɗi. Gilashin ne ya fi tsada, kuma shi ne aka fi iya haƙura da shi idan an zaɓi bango mai inuwa. Kwalin da aljihunan kuwa kaɗan ake bukata a kowane firam, saboda haka masu sana'ar biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su yi oda ɗaya.

Kafin a rufe bayan firam, a sa 'yar takarda a ciki da aka rubuta da fensir, domin tawadar biro na ratsa takarda idan ta daɗe. A rubuta akwatin wanda aka samo kayan, da garin, da shekarar da aka yi haɗin, da irin kwalin da aka yi amfani da shi. Kowace shekara idan damina ta ɗauke, wajen watan Nuwamba, a sauke firam ɗin a duba ko raɓa ta taru a cikin gilashi ko ɗigon tsatsa ya fito, a kwatanta launin da hoton da aka ɗauka ranar farko. Idan ja ya fara komawa ruwan hoda, a mayar da wannan kan sarki cikin albam a sa wani a gurbinsa.